Sankarar fata: Abin da ke ceton kunne bayan tiyata idan guringuntsi ya fito fili

Daga watan Oktoba zuwa Janairu babu mai zama a yankin Funtua da Malumfashi. Ana karyar masara, ana yankan dawa, ana casar waken suya, masu auduga kuma suna tsinka. A wannan lokaci ne kuɗi ke shigowa hannun manomi, kuma a nan ne ake tuna ciwon da aka daɗe ana ɗaga masa ƙafa saboda rashin hali.

Cikin irin waɗannan ciwuka akwai wani ɗan gyambo da ke fitowa a gefen kunne, ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi, ya sake yin wani, wata da watanni bai warke ba. Sau da yawa idan aka je asibiti aka gwada, sai a tarar sankarar fata ce, kuma maganinta na farko shi ne a yanke wurin.

Iyalai da dama suna ɗauka cewa da an fito daga ɗakin tiyata an gama. A kunne kuwa, rabin aikin ne aka yi. Sauran rabin yana gida, a makonnin da ke biyo baya, kuma sun faɗo daidai lokacin hunturu da ƙurar sussuka, abubuwa biyu da raunin kunne ya fi tsana.

Su wa abin ya fi shafa?

A ƙasar Hausa zabaya ne kan gaba. Fatar zabiya ba ta da isasshen sinadarin melanin, wanda ke ba fata launi yana kuma tare mata zafin hasken rana. Yaron da ya taso yana bin mahaifinsa gona ba kariya, kafin ya kai shekara 20 ko 30 fatarsa ta riga ta sha ƙunar rana ta shekaru, kuma fuska da wuya da leɓe da kunnuwa ne suka fi shan ta.

Kunnen namiji ya fi shiga haɗari saboda wani dalili da kowa ke gani kullum. Hular da muke sawa, ko zanna ce ko ƙube, a saman kunne take tsayawa. Mace tana da ɗankwali da hijabi, namiji kuwa kunnensa a waje yake tun hantsi har la'asar.

Masu baƙar fata ma ba su tsira gaba ɗaya ba. A wurinsu sankarar fata ta fi tasowa daga tsohon tabon ƙuna ko gyambon da ya shekara bai warke ba. An fi ganin haka a ƙafa, amma yana iya faruwa a ko'ina a jiki.

Me ya sa kunne ya bambanta da sauran jiki?

Idan mutum ya taɓa kunnensa zai ji fata ce siririya, a ƙarƙashinta kuma wani abu mai tauri da ke lanƙwasuwa. Wannan shi ne guringuntsi, shi ne ke ba kunne siffarsa.

Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini nasa na kansa. Abincinsa yana zuwa ne daga wata siririyar tantani da ke lulluɓe da shi gaba da baya. Idan sankara ta yi zurfi, dole likita ya cire fatar tare da wannan tantanin domin kada ya bar saura. Sai guringuntsin ya rage a fili, fari fat ko ruwan ƙwai-ƙwai, ba abin da ke ciyar da shi ta wannan gefen.

Daga nan haɗari biyu ke tasowa. Na farko bushewa: guringuntsin da iska ta busar yakan yi duhu, ya yi tauri kamar ƙirgi, ya mutu. Na biyu ƙwayoyin cuta: tunda jini ba ya ratsa shi, sojojin jiki da maganin da aka sha ba sa isa wurin da sauƙi. Idan cuta ta kama guringuntsi tana iya cinye shi, kunnen ya tattare ya nakasa har abada.

Hanyoyin da likita ke bi

Abin da likita zai yi ya danganta da girman wurin da kuma inda yake.

Idan a bakin kunne ne kuma bai yi girma ba, yakan yanke wurin kamar yankan kankana, fata da guringuntsi gaba ɗaya, ya haɗa bakin ya ɗinke. Kunnen zai ɗan ragu, amma ba a bar komai a buɗe ba.

Idan wurin ya yi faɗi, yana iya janyo fatar bayan kunne, wadda ke da jininta, ya rufe da ita. Wani lokaci aikin kan kasu biyu, a dawo bayan kimanin makonni uku a raba fatar daga tushenta.

Akwai kuma dashen fata, inda ake yanko fata daga wani wuri a shimfiɗa. Sai dai fatar da aka dasa ba ta kamawa a kan tsurar guringuntsi, kamar yadda iri ba ya tsira a kan fā. Shi ya sa likita kan cire guringuntsin wurin, ko ya jira sabon nama ya rufe shi tukuna.

Hanya ta huɗu ita ce a bar raunin ya cike da kansa. Ta fi dacewa da kwarin kunne, wato wurin da ya lotsa kusa da ƙofar ji. A nan likita yakan huda ƙananan ramuka a jikin guringuntsin, masu faɗin milimita biyu zuwa huɗu, domin jan nama mai jini ya ɓullo daga fatar baya ya bazu ya rufe shi. Masu jinya kan tsorata idan suka ga waɗannan ramuka, su zaci kuskure aka yi. Da gangan aka yi su.

Wannan hanya ta huɗu ba ta buƙatar tiyata ta biyu, don haka ta fi sauƙi ga aljihu. Amma ita ce ta fi ɗora nauyi a kan mutanen gida, domin raunin kan ɗauki makonni shida zuwa goma, wani lokaci fiye, kafin ya rufe.

Kada a bari ya bushe

Yawancinmu mun taso da jin cewa ciwo sai ya sha iska ya bushe ya yi ɓawo sannan zai warke. A kan raunin kunne mai guringuntsi a fili, wannan shawara ita ce mafi muni.

Tun a 1962 wani masani ɗan Birtaniya, George Winter, ya nuna a gwajin da ya yi cewa raunin da aka rufe aka bar shi da danshi ya fi saurin yin sabuwar fata a kan wanda aka bari iska ta busar. Dalilin shi ne sababbin ƙwayoyin fata suna rarrafowa ne daga gefen rauni zuwa tsakiya, kuma a kan danshi suke tafiya. Ɓawo shinge ne a gabansu.

Abin da asibitoci suka fi koya wa masu jinya bai da wuya, sai dai yana son naci:

A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa wurin.

A jiƙa tsohon bandejin kafin a cire shi, kada a fizge. Fizga tana tafiya da sabon naman da aka kwana ana jira.

A wanke raunin a hankali da ruwan gishirin asibiti, irin wanda ake ƙarin ruwa da shi. Idan babu, a yi amfani da ruwan da aka tafasa ya huce a cikin mazubi mai murfi.

A shafa farin man Vaseline mai kauri, marar turare, har ya rufe guringuntsin gaba ɗaya. A ware sabon kwalba domin ciwon kaɗai, ban da wanda yara ke lakata suna shafawa a ƙafa, kuma kada a sa yatsa a ciki.

A rufe da bandeji marar mannewa, a ɗaure ba tare da matsewa ba.

Ana yin haka sau ɗaya a rana, ko yadda likita ya tsara. A lokacin hunturu man yana saurin bushewa, don haka a riƙa dubawa. Idan an ga wurin ya fara ƙeƙashewa, a ƙara.

Abubuwan da ke ɓata aiki

Funtua garin auduga ne, amma auduga ba ta hawa kan wannan rauni kai tsaye. Zarenta yana maƙalewa a cikin nama, cire shi kuma sai da jini.

Sifirit da ruwan nan mai kumfa da ake zubawa a ciwo suna kashe ƙwayoyin cuta, suna kuma kashe sabon nama. Shuɗin maganin da ake shafa wa ƙuraje yana busar da wuri, yana kuma ɓoye launin raunin, likita ya kasa gane halin da ake ciki.

Akwai al'adar fasa kafso a barbaɗa garinsa a kan miki. Akwai masu sa toka, ko man goge baki, ko man birki, ko garin sassaƙe. Duk waɗannan ko dai su ƙona wurin, ko su busar da shi, ko su shigar masa da datti. Zuma tana da amfani a wasu raunuka, amma wadda asibiti ke amfani da ita an tace ta an kashe ƙwayoyin cikinta. Kada a sa ta kasuwa sai da izinin likita.

Taba sigari tana matse ƙananan jijiyoyin jini, kuma da su ne kunnen ke rayuwa. Ciwon suga da ba a kula da shi ba yana jinkirta warkewa, yana kuma buɗe wa cuta ƙofa. Mai ɗayan biyun ya gaya wa likita tun kafin tiyata.

Gona, babur da alwala

Umarnin asibiti a takarda yake, rayuwa kuma tana da nata. Manomin da hatsinsa ke zube a gona ba zai yi wata biyu a ɗaki ba. Abin da ya fi shi ne ya san ayyukan da zai bar wa wasu.

Sussuka da shiƙa da tsayawa kusa da injin casa su ne na farko. Ƙaiƙayi da ƙura suna ratsa bandeji. Haka feshin maganin ƙwari, da ɗaukar buhu a kafaɗar da ke gefen kunnen. Zai iya zuwa ya tsaya daga nesa, inda iska ba ta kaɗo masa ƙura, ya sa ido a kan awo da lissafi.

A kan babur iska tana busar da rauni cikin ɗan lokaci. A rufe kunnen sosai, a yafa rawani ko ƙyalle mai tsabta a sama ba tare da an ɗaure shi tamau ba.

Kada a kwanta a gefen da aka yi wa aiki. A riƙa amsa waya da ɗaya kunnen. Zabaya da yawa suna sa tabarau saboda raunin gani, kuma ƙafar tabarau a kan kunne take zama. Idan tana gugar wurin, a naɗe ta da bandeji mai laushi ko a nemi shawarar likita. A gaya wa mai aski tun kafin ya ɗauko reza.

Idan jinyar ta faɗo da damina, ƙuda ne abin tsoro. Yana iya yin ƙwai a raunin da aka bari a buɗe, tsutsa ta fito.

Batun alwala yana damun mutane da yawa, har wasu kan cire bandeji domin su shafi kunne. A mazhabar Malikiyya da ake bi a nan, shafar kunne sunna ce, ba ta cikin farillan alwala, kuma shari'a ta yi sauƙin shafa a kan ɗauri ga mai rauni, a alwala da wanka. Wanda ke da shakka ya tambayi malamin unguwarsu, amma kada ya jiƙa ciwon da ruwan buta.

Alamomin da ba a kwana da su

Jan nama mai ɗan tsatstsafar ruwa, wanda ke fitowa kamar ƙananan ƙwayoyi daga gefe da cikin ramukan, alama ce ta alheri. Ɗan ruwa mai launin rawaya-rawaya a jikin bandeji ma ba abin tsoro ba ne.

Abin tsoro shi ne zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa bayan kwana biyu ko uku, musamman wanda ke hana barci. Sai kumburi da ja da ɗumi a saman kunne, alhali ƙasansa mai laushi, inda mata ke huda ɗan kunne, lafiyarsa ƙalau. Wannan ƙasan ba shi da guringuntsi, don haka idan ciwo ya tsallake shi ya kama sama, alama ce cewa guringuntsin ne ya kamu.

Sauran alamomin su ne mugunya, musamman mai launin kore, da wari, da zazzaɓi, da guringuntsin da ya fara baƙi. Idan jini ya ɓalle, a danna wurin da bandeji mai tsabta na minti 15 zuwa 20 ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba. Idan bai tsaya ba, sai asibiti.

Ƙwayar cutar da ta fi kama guringuntsin kunne ana kiranta Sudomonas. Magungunan da aka saba saya a kemis, irin su Ampiclox, ba sa kashe ta. Mutum zai iya shan su mako guda yana ganin yana magani, alhali kunnen yana lalacewa. Likitoci suna da magungunan da suka dace da ita, wani lokaci kuma sukan sa a riƙa jiƙa wurin da ruwan khal da aka sirka sosai. Likita ne zai faɗi ma'aunin, ba maƙwabci ba.

Rufewar rauni ba ita ce ƙarshe ba

Naman da aka yanke ana kai shi ɗakin gwaji. Sakamakon ne zai nuna irin sankarar, da kuma ko an cire ta duka. Mutane da yawa ba sa komawa karɓarsa, musamman idan suka ga ciwo yana warkewa.

Komawar tana da muhimmanci, domin irin sankarar da ta fi kama zabaya, idan ta fito a kunne, ta fi saurin bazuwa zuwa kaluluwar gaban kunne da ta wuya fiye da idan a wasu sassan jiki ta fito. Duk wani ƙullutu da ya fito a waɗannan wurare, ko wani tsiro a bakin tabon, ko raunin da ya tsaya cak ya ƙi rufewa, a kai wa likita ya gani. Wasu za su buƙaci ƙarin tiyata, wasu gashi.

Ina za a je, kuma wa zai biya?

Manyan asibitocin Funtua da Malumfashi su ne matakin farko ga yawancin mutanen yankin, kuma can ne ya fi sauƙin zuwa wankin ciwo. Domin gwajin nama, gyaran kunne da gashi, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kan hanyar Funtua zuwa Zariya. A Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, inda Gwamnatin Tarayya ta buɗe sabuwar cibiyar kula da masu sankara a watan Yulin 2025. A Kano akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a Kaduna kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa.

Kuɗi ne babban cikas. A 2007, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, an fara shirin yi wa zabaya maganin sankarar fata kyauta a Asibitin Ƙasa da ke Abuja, bayan fafutukar gidauniyar zabaya da Jake Epelle ya kafa. Shirin ya sha tsayawa saboda rashin kuɗi, kuma ko yana aiki, Abuja ta yi wa manomin Kafur ko Bakori nisa. Asusun tallafa wa masu sankara na Gwamnatin Tarayya, wanda asibitin Shika ke cikin na farko da suka fara aiki da shi, ya soma ne da sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Ta fata ba ta cikinsu.

Ga mutanen Faskari, Sabuwa, Dandume da Ƙanƙara kuma akwai matsalar tsaro, wadda ke sa zuwa asibiti kowane mako ya zama abin lissafi. Wannan ya sa ya zama dole a koya wa wani na gida wankin ciwon tun kafin a sallami majiyyaci.

Kafin a shiga tiyata

Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai tambayoyin da ya kamata majiyyaci ko ɗan'uwansa ya yi wa likita tun kafin ranar aiki: Za a rufe wurin ne ko za a bar shi ya cike da kansa? Sau nawa za a riƙa wankewa, kuma da me? Wane asibiti na kusa zai iya dubawa? Yaushe sakamakon gwaji zai fito? Wace lamba za a kira idan abu ya canza?

Ranar wankin farko, wanda zai riƙa yi a gida ya tsaya ya gani da idonsa, ya kuma gwada a gaban ma'aikaciyar jinya. Mai wayar da ke ɗaukar hoto ya riƙa ɗaukar raunin duk bayan kwana uku ko huɗu, a wuri mai haske. Hoton yana nuna ko ana ci gaba, kuma ana iya tura wa ma'aikacin lafiya idan hanya ta ƙi.

Kada a ɗage tiyata domin jiran a gama aikin gona. Gyambon da yake kamar ƙwayar wake a watan Yuli ana iya cire shi a ɗinke a rana ɗaya. Idan aka bar shi sai bayan kaka, yana iya cin guringuntsi, ko ya tafi da kunnen gaba ɗaya.

Ɗaya kunnen

Wanda sankarar fata ta taɓa kamawa yana cikin haɗarin ta sake fito masa a wani wuri, don haka kariya ba ta ƙarewa. Malafa mai faɗin baki, wadda kakanninmu ke shiga gona da ita, ta fi kowace hula amfani a nan, domin tana rufe kunne da ƙeya da fuska. Hular hana-sallah ba ta rufe kunne.

A riƙa sa riga mai dogon hannu, a kauce wa rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma gwargwadon iko, a mayar da aikin gona sassafe da yamma. Man kariya daga rana mai lambar SPF 30 zuwa sama ana sake shafa shi duk bayan sa'o'i biyu, kuma a tuna da saman kunne da bayansa, inda aka fi mantawa. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan man cikin jerin muhimman magunguna, abin da ya ba ƙungiyoyin zabaya hujjar neman gwamnatocin jihohi su riƙa samar da shi a asibitoci.

Kowace ranar 13 ga Yuni, tun daga 2015, Majalisar Ɗinkin Duniya na bikin ranar zabaya, a yi taro a manyan birane a watse. A ƙauyukan Funtua da Malumfashi, abin da zai fi taron amfani shi ne iyaye su saba wa yaro zabiya da malafa tun yana ƙarami, malaman makaranta su daina tsayar da shi a rana, sannan duk gyambon da ya wuce wata guda bai warke ba a kai shi asibiti.